Ƙaramin otal irin na Japan: daga ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fili a bayan gari, ina so in gina ƙaramin otal na alfarma mai ɗakuna 8, a tsarin masaukin gargajiya na Japan, har da lambunsa. Daga ina zan fara, kuma me zan kiyaye?
*Wani mai karatu daga Abuja*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Irin wannan masauki shi ake kira riyokan, kuma awo ake fara tsayarwa kafin a zana ko bango ɗaya. A Japan da tabarmar tatami ake auna ɗaki. Ta Kiyoto tsawonta santimita 191 ne, faɗi 95.5; ta Tokiyo ba ta kai ta ba, 176 da 88. Ka zaɓi ɗaya, ka ɗora ginshiƙai da ƙofofi da silin duk a kan awonta. Ɗaki mai tabarma 8 yakan faɗa tsakanin murabba'in mita 12 da 15, amma tunda alfarma kake nema, kai shi tabarma 10 ko 12. In magini ya riga ya gama sannan aka kawo tabarmi, sai an yanka su, layinsu ya saɓa da na ƙofa.

Cikin tatami ta asali bambaron shinkafa ne, danshi kuwa na sa ta fumfuna. Ɗaga daɓen katako wajen santimita 45 daga ƙasa, ka bar kafofin iska, a yi wa katakon maganin gara. Takalmi a mashiga yake tsayawa.

Ƙofar shoji, mai firam na katako da farar takarda, tana tace haske amma ba ta tare sauti. Kada ka raba ɗakunan baƙi da ita. Tsakanin baƙo da baƙo bangon bulo za ka yi, ita kuma ta tsaya ta ɓangaren lambu, bayan gilashi.

Lambun ne zai ci maka tunani. Ba na yawo ba ne, na kallo ne, don haka a zaune a ƙasa ake tsara shi, daga inda idon baƙo zai kasance. Dubi na haikalin Riyowanji a Kiyoto: wajen mita 25 da 10, tsakuwa da duwatsu 15, kuma duk inda ka zauna a baranda ba za ka gan su gaba ɗaya ba. Kai ba ka bukatar rabin haka. Ɗan fili na murabba'in mita 3 ko 4 a gaban kowane ɗaki ya isa. Sa duwatsu 3 ko 5, a binne wajen sulusin kowanne don kada ya zama kamar ajiye shi aka yi jiya. Tsakuwa ta kai kaurin santimita 8 zuwa 10, in ba haka ba manjagarar da ake zana mata layuka da ita za ta riƙa tono ƙasa. Gansakukar da ake sa wa a lambunan Japan dai ka haƙura da ita, hunturu zai ƙone ta. Farar tsakuwa ma a ranar Abuja kashe ido take yi tana maido zafi ɗaki. Ɗauki mai ruwan toka, ka tsawaita bakin rufi ya wuce mita 1.

Bahon wanka na katakon hinoki, wani itacen Japan, ana cika shi da ruwa mai zafin digiri 40 zuwa 42, kuma a gefe ake cuɗa jiki kafin a shiga, saboda haka famfo da magudana su kasance a wajensa. In ya daɗe a bushe tsagewa yake, sai ya fara yoyo. Ɗakin da ba baƙo, ma'aikata su riƙa jiƙa bahonsa.