Bututun AC yana warin fumfuna: a fesa magani ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Gidan da muke ciki tsoho ne, tun shekarun 1970 aka gina shi, kuma AC ɗinmu irin babban nan ne guda ɗaya mai raba sanyi zuwa ɗakuna ta bututun da ke cikin silin. Inda muke laima ba ta rabuwa da iska. Wata uku ke nan, da zarar an kunna AC sai wani wari ya taso kamar na rigar da aka ninke ba ta bushe ba. Ragar da iska ke fitowa a ɗakin yara ta yi baƙi-baƙi, silin ɗin wajen ma ya yi tabo. Ɗana mai shekara shida yana da asma, tarinsa na dare ya ƙaru. Wasu masu wanke bututu sun zo, ko silin ba su leƙa ba, suka ce za su fesa magani a ciki su kunna injin ozon, awa biyu an gama. Maƙwabciyata kuma ta ce in tsiyaya bilic kawai. Hankalina a tashe yake, wanne zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba yaro lafiya. Kada ki yi ko ɗaya daga cikin biyun. Ki fara kai shi wurin likitansa, ki gaya masa maganar warin, sannan ki sauya masa ɗakin kwana. Idan kin leƙa kin ga fumfuna a cikin bututun da idonki, a kashe babban AC ɗin har a gyara, domin kowace kunnawa raba ƙurarta yake yi ɗaki-ɗaki. Amma kashe shi zai sa laima ta hau, don haka a sa ƙaramar na'urar tsotse laima a ɗakin da yaron yake kwana.

Kafin kowa ya taka silin ɗin nan akwai maganar shekarun gidan. Gine-ginen da aka yi kafin 1980 da yawa an naɗe gaɓoɓin bututunsu da wani tef fari ko mai launin toka, kamar takarda mai kauri, wani lokaci har jikin bututun gaba ɗaya. Sau da yawa asbestos ne. Idan yana nan lafiya lau bai farfashe ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka kai masa buroshi ko aka yage shi, zaren da ido ba ya gani ya shiga iskar gida, kuma cutar da yake jawowa sai bayan shekara ashirin ko fiye take bayyana. In an ga irin wannan naɗi, ƙwararre ne zai ɗauki samfuri a gwada, aiki kuma ya tsaya sai sakamako ya fito.

Abin da za ki iya yi da kanki shi ne dubawa. Ki kashe wutar na'urar, ki kwance ragar (yawanci sukurori biyu ne), ki haska tocila, ki zura waya ki ɗauki hoto. Abu biyu kike nema. Na farko, da me aka yi cikin bututun: ƙarfe ne tsurarsa, ko ƙarfe da aka shimfiɗe cikinsa da audugar gilashi (abin rufi mai kama da auduga da ake yi da zaren gilashi), ko allon audugar gilashi, ko kuwa mai lanƙwasa ɗin nan na leda da waya. Na biyu, baƙin ya tsaya a bakin raga ne ko ya yi ciki. Ba kowane baƙi ne fumfuna ba. Ƙura da hayaƙi ma suna manne wa ƙarfe mai sanyi su yi baƙi. Wanda ya kalli hoto ya rantse miki cewa "baƙar fumfuna mai guba" ce, tsoratar da ke yake yi, don ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai yake iya faɗin irinta. A naki lamarin dai, wari da tabon silin sun riga sun nuna cewa ruwa yana zama a wani wuri.

To mu zo kan feshi, wanda kusan kullum sai an turo tambaya a kansa. Mutane sun ɗauka fumfuna ƙwaro ce kamar kyankyaso, a fesa mata magani ta mutu a huta. Ƙwayoyin irinta suna cikin iskar kowane gida a duniya, har gidan da ya fi kowane tsabta. Abinci ma ba ta rasawa, ƙurar da ke kwance a bututu ta ishe ta. Abu ɗaya take jira, ruwa. Wurin da ya jiƙe ya kwana ɗaya zuwa biyu bai bushe ba, ta samu gida. Idan an fesa magani yau, bututun kuma ya ci gaba da yin gumi gobe, cikin 'yan makonni ta dawo, har ta tarar da gawar ta farko ta zama mata taki. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Kuma ko da maganin ya kashe ta ƙurmus, matacciyar fumfuna tana tayar da asma kamar mai rai. Abin da ƙirjin yaronki yake faɗa da shi ɓurɓushin jikinta ne, kuma ɓurɓushin bai damu da tana raye ko ta mutu ba. Cire ta ake yi daga wurin. Mai feshi bai cire komai ba, ya dai ƙara sinadari a kan datti, fanka kuma ta kwaso duka biyun ta hura wa yaro mai asma a fuska yana barci.

Bilic ya fi muni. Mafi yawansa ruwa ne, to a kan audugar gilashi sinadarin yana tsayawa a sama, ruwan ya nutse ciki ya shayar da abin da ake son kashewa. Yana cin ƙarfen bututu, yana cin siraran faifan alminiyon da ke jikin koyil, wato sashen na'urar da iska ke bi ta kansa ta yi sanyi. Idan kuma ya gamu da wani abin wanki mai amoniya ko mai asid da wani ya taɓa zubawa a tiren da ke tare ruwan da koyil yake ɗigarwa, iska mai guba ce take tashi, a cikin na'urar da aikinta shi ne kai iska kowane ɗaki. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Ozon kuwa, wato iskar gas ɗin da injin nasu yake fitarwa, masu tallarsa suna kiransa "iska mai tsabta" saboda ƙamshin bayan ruwan sama da yake bari. Ozon yana ƙona hanyar numfashi, kuma masu asma ne farkon waɗanda yake kayarwa. Adadin da mutum zai iya shaƙa lafiya ba ya yi wa fumfuna komai, adadin da zai taɓa ta kuma ba na zaman mutum ba ne. Yana tsofar da roba da rufin waya, yana haɗuwa da turaren da ke cikin kayan goge-goge su haifar da wasu sinadarai masu cutarwa, har da fomaldihaid. Warin zai ɓace na 'yan kwanaki, shi ya sa mutane suke yabon aikin, su kuma masu aikin sun san za a sake kiransu.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta daɗe da bayyana cewa ba a taɓa tabbatar da cewa wanke bututu haka kawai yana hana ciwo ba, kuma ta taƙaita dalilan yinsa: fumfuna da ake gani, ɓeraye ko ƙwari da suka yi gida a ciki, ko ƙura da ta cika har tana fesowa ɗaki. Ta kuma ce audugar gilashin da ta jiƙe ta yi fumfuna ba ta wankuwa, cire ta ake yi a sa sabuwa. Wanda ya zo gidanki bai hau silin ba, bai buɗe na'ura ba, bai tambayi inda ruwa yake fitowa ba, ya yanke miki magani a tsaye a falo, wannan ɗan kasuwa ne da tankin feshi. Su ji tsoron Allah, numfashin 'ya'yan mutane ne a hannunsu.

Ruwan daga ina? Lissafin ba wuya. Iskar cikin silin in ta kai digiri 32 da laima kashi 70 cikin ɗari, duk abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 26 zai yi raɓa. Iskar da ke bin bututunki kuwa wajen digiri 13 take. Duk inda rufin bututun ya yage, ko ya sulluɓe, ko ya tsufa ya lotse, nan zai yi ta ɗiga kamar kwalbar ruwan sanyi. Tabon silin ɗinki kusan tabbas daga wuyan ragar yake, wurin da bututu ya haɗu da silin, don nan ne masu aiki suka fi barin ƙarfe tsirara da ƴar kafa a gefe.

Sai yoyon iska. A gida na yau da kullum kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bin bututu yana zurarewa ta gaɓoɓi, tsohon gida kuma yakan wuce haka. Ɓangaren da ke mayar da iska zuwa na'ura ya fi haɗari, domin zuƙa yake yi: kowace kafa a jikinsa tana janyo iska mai zafi da laima da ƙurar silin kai tsaye, wani lokaci ba tare da ta bi ta matatar iska ba. Sai tiren da ke ƙarƙashin koyil. AC na gida yana iya tatsar lita ashirin ko fiye a rana mai laima, kuma duk ta siririn bututu ɗaya za ta fita. In ya toshe da yauƙi, ko gangarensa bai kai santimita ɗaya a kowace mita ba, ko ba a yi masa lanƙwasar da ke riƙe ruwa ba, tire ya zama kududdufi. Warin rigar da ba ta bushe ba da kika ambata, daga koyil da tiren nan ya fi fitowa, ba daga tsakiyar bututu ba.

Akwai biyu da ba a cika lura da su ba. Ki duba tamostat, wato abin da ake saita sanyin AC da shi: in fanka tana kan ON, ki mayar da ita AUTO. A kan ON, bayan kwamfiresa, injin da ke samar da sanyin, ta tsaya fanka tana ci gaba da hura jiƙaƙƙen koyil, ta mayar wa ɗakuna ruwan da aka sha wahalar cirewa. Na biyun shi ne na'urar da ta fi ƙarfin gida. Tana sanyaya ɗaki cikin minti biyar ko shida ta tsaya, ba ta yi aikin da zai tsotse laima ba, sai ki ji ɗaki da sanyi amma jiki yana danƙo.

Gyara yana da jeri, kuma in an juya shi an yi asara. A fara da ruwa: a buɗe magudanar, a wanke tire da koyil da abin wankin da aka yi don koyil, a daidaita gangare. Sannan a cire duk allon audugar gilashi ko bututu mai lanƙwasa da ya jiƙe ko ya yi fumfuna, a ƙulle shi a leda tun a cikin silin kafin a sauko da shi. Ƙarfe tsurarsa shi ne yake wankuwa. Yadda ake yi, ana haɗa babban injin zuƙa a jikin bututun, a toshe sauran ragogi don iska ta riƙa shiga ciki maimakon fita, a bi reshe-reshe da buroshi. In injin a cikin gida yake fitar da iskarsa, dole ya kasance da matatar HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 na ƙura mai girman maikuron 0.3. Ƙofofin da aka yanka don aiki a rufe su da faifan ƙarfe da sukurori, a shafe gefensu. Aikin gida guda yakan ci rabin yini ko fiye. Ki nemi hoton ciki kafin aiki da bayansa.

Bayan wanki sai toshe gaɓoɓi da mastik, wato gam mai kauri na liƙe bututu, a shafa shi da kauri kamar na kwabo. Kafar da ta wuce milimita 3 a ɗora mata ragar zare kafin a shafe. In tef za a sa, ya zama na alminiyon mai tambarin UL 181. Tef ɗin yadi mai launin toka da kowa yake kira na bututu, gwajin da aka yi a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a Amurka a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna zafi yana busar da gam ɗinsa ya saki. Daga nan a naɗe da sabon rufi mai ƙarfin hana zafi wucewa na R-6 ko R-8, fuskar alminiyon tana waje, a liƙe kowace haɗa ruf, har wuyan raga. Kafa ɗaya a wannan fuskar ta isa laima ta shiga ta jiƙa rufin daga ciki. Sabon bututu mai lanƙwasa a ja shi ya miƙe, a rataye shi duk bayan mita 1.2 da maɗauri mai faɗin kusan santimita 4, kada a ɗaure shi da waya ta shaƙe shi. Matatar iska kuma mai lambar ƙarfin tacewa MERV 8 zuwa 11 ta wadatar wa yawancin tsofaffin na'urori. Wadda ta fi haka matsewa tana iya rage iska har koyil ya yi ƙanƙara, sai in mai gyara ya auna ya ce fankar za ta ɗauka. Ki riƙa duba ta kowane wata.

Ki sayi ƙaramin ma'aunin laima ki ajiye a ɗakin yaran, nesa da raga. Bayan gyara ya riƙa nuna ƙasa da kashi 60, in ya samu wajen 50 ya fi. Ki ba shi mako guda kina dubawa safe da dare, ki kuma taɓa silin ɗin gefen ragar da tafin hannu bayan AC ya yi awa biyu yana aiki. In ya bushe, wari bai dawo ba, yaro ya koma ɗakinsa. In ma'aunin ya ƙi sauka, a auna girman na'urar da girman gidan, ko a ƙara na'urar tsotse laima ta dindindin.