Tsakanin Bob Dylan da Neil Young

Malam, ka tambaya wanda masu sauraro suka fi so tsakanin waɗannan mawaƙa biyu, masu rubuta waƙoƙinsu da kansu suna haɗa salon gargajiyar Amurka da kiɗan jitar lantarki.

Idan suna ake magana, Dylan ne a gaba. An haife shi a jihar Minnesota a 1941, kuma a 1965 ya hau dandalin bikin kiɗan gargajiya na Newport da jitar lantarki, har wasu masoya kiɗan gargajiya suka yi masa ihu don suna ganin ya bar turba. A 2016 aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta adabi. Ƙarfinsa yana cikin baitocinsa, masu cike da zambo da habaici, waɗanda sai mai zurfin Turancin Ingilishi yake gane su sosai.

Nan ne nake ganin Young, ɗan Kanada haifaffen 1945, ya fi kusa da kunnenmu a Damagaram, inda akasarin masu boko Faransanci suka karanta. Siririyar muryarsa mai rawa tana taɓa zuciya ko ba ka jin kalma ɗaya. Idan aka kunna faifansa Harvest na 1972 a fada bayan isha, ana jiran shayi ya tafasa, wanda ya saba da jitar Bombino na Agadas ba zai ji baƙunta ba. Ni Young na fi so, kuma da wannan faifan nake ba ka shawarar ka fara.