Dalbejiya ta rufe mana gidan tsofaffi, mu sare ko mu rage?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an tashi lafiya. Ni ce nake kula da wani gidan gajiyayyu a nan Kano, a tsakar gidan akwai manyan dalbejiya guda huɗu da mangoro ɗaya da turare biyu a jikin katanga, duk sun girme ni. To matsalar dai sun rufe ɗakuna ruf, da rana tsaka sai an kunna fitila, sola ma bata caji sosai, kuma daminar da ta wuce wani reshe ya ɓallo ya faɗa kan kwanon ɗakin mata da daddare, Allah ne ya kiyaye. Yanzu wasu masu inji sun zo sun ce zasu datse musu kai gaba ɗaya kyauta, su dai a bar musu itacen. Tsofaffin kuma sun ce a'a, nan ne wurin hirarsu. Dan Allah ya zan yi? Daga wata 'yar'uwa, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri da wannan hidima. Kafin komai dan Allah kar ki yarda da maganar kyautar nan. Mutumin da ladansa itace ne, duk reshen da ya bari a sama asara ce a wurinsa, kuma manyan rassa masu lafiya su ne masu kuɗi a gidan burodi da wurin masu faskare, ba busassun nan da suke baki tsoro ba. Ki yi ciniki da kuɗi, itacen ya zama na gida ko ki sayar daban.

Shi kuma askin kwalkwabo da suke cewa, wato datse kan gaba ɗaya, wallahi shi ne ke mayar da bishiya mai lafiya abin tsoro. Na ga haka da idona a wata makaranta kusa da gidanmu, an datse wa dalbejiya kai aka bar ta kamar turmi, ta fito da tsiro cunkus kowa yana murna ta yi kyau, bayan shekara uku tsiron ya zama rassa masu kauri amma a jikin ɓawo kawai suke maƙale, basu da tushe a cikin itacen. Da iskar farkon damina ta zo ta yaga biyu, na je na sa hannu a wurin da aka yi yankan, cikin ya ruɓe yana marmashewa kamar jiƙaƙƙen burodi, gara ta cika shi. Kinga an ƙara haɗari, kuma duhun ya dawo fiye da da.

Abin da ake yi shi ne ragi da lissafi. Ƙa'idar masu aikin itatuwa ita ce kada a cire fiye da kashi 1 cikin 4 na ɗanyen ganye a shekara ɗaya, tsohuwar bishiya ma ƙasa da haka, don bata warkewa da sauri kamar ƙarama. A fara da busassun rassa, da masu tsagewa, da waɗanda ke gogar juna, da wanda kauci ya cinye, da duk mai nauyin da ya miƙa kan rufi ko kan hanyar banɗaki. Daga nan a ɗage na ƙasa har mutum ya wuce da keken guragu ba sunkuyo kuma haske ya shiga taga ta ƙarƙashi, sai a ɗan tsefe cikin ta yadda iska zata ratsa. In aikin yana da yawa a raba shi shekara biyu ko uku.

Maganar haske ki ɗauke ta da muhimmanci, idon ɗan shekara 60 yana buƙatar haske ninki biyu zuwa uku na matashi kafin ya ga abu ɗaya, kuma faɗuwa a duhu ga tsoho sau da yawa karayar ƙugu ce. Amma tsofaffin nan suna da gaskiya su ma, a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40 kuma tsoho baya jure zafi. Don haka ki tsaya a tsakar gida da safe ki duba, ɓangaren gabas shi za a buɗe don rana ta shigo su sha hantsi lokacin sanyi, ɓangaren yamma kuma a bar shi da inuwarsa saboda ranar la'asar ita ke gasa bango har dare. Kakata Allah ya jiƙanta, da hunturu tabarmarta tana bin hantsi ne daga bakin ƙofa har gindin bango, da bazara kuma bata barin gindin maina, to duka biyun suke buƙata.

Ki lura da hannun mai yankan. Babban reshe sau uku ake yankansa, a fara shiga ta ƙasa kaɗan kamar santimita 30 daga jikin bishiya, sai a yanke ta sama can gaba kaɗan ya faɗi ba tare da ya saluɓe ɓawo ba, sannan a cire guntun da ya rage daidai bakin ɗan kumburin nan mai kamar zobe a gindin reshe, kar a taɓa zoben don shi ke rufe ciwon. Kuma ba a shafa fenti ko baƙin mai, danshi kawai yake riƙewa. Duk reshen da ke kan rufi a ɗaure shi da igiya a sauke a hankali. Wanda ya kusanci wayar wuta kuwa kar kowa ya hau sai an kira kamfanin rarraba wutar lantarki, KEDCO, sun ɗauke wuta.

Lokaci mafi kyau Disamba zuwa Janairu, ba ruwa ba guguwa, kuma kafin bazara ganye ya dawo. Mangoro dai a bari sai an gama cin 'ya'yansa. Turaren nan biyu su suka fi damuna gaskiya, yana da halin yar da babban reshe haka kawai ko ba iska, musamman da zafi, to kar a sake shimfiɗa tabarma ko ajiye benci a ƙarƙashinsa. Ki je sashen gandun daji na ƙaramar hukuma ki nemi malamin daji ya zo ya duba su duka kafin a taɓa komai, ya ƙwanƙwasa gindin ya ji ko akwai kogo, ya duba naman kaza ko shurin gara a gindi, ko ƙasa ta ɗago ta gefe ɗaya. In aka ga haka a turaren da ke kusa da ɗakin kwana ni dai ra'ayina a cire shi a dasa wani abu nesa da gini.

Ranar aikin a kwashe kowa daga ɗakunan da ke ƙarƙashi tun kafin a tada inji, a sa mutum ɗaya aikinsa kawai tsare ƙofa, saboda mai ruɗewar tsufa ko wanda baya ji sosai zai iya fitowa ba wanda ya lura. Kuma tun jajibiri ki zauna da su ki nuna musu reshe-reshe wanda za a cire da dalili, ki tabbatar musu bishiyar hirarsu tana nan. In an gama a share tsaf har 'ya'yan dalbejiyar nan masu santsi, a cike inda saiwa ta ɗaga siminti kafin a buɗe musu ƙofa.