Tambayoyinku kan Arduino: maɓallin da ya ƙi ji, da allon da ya ƙi magana

Tambaya: Malam, na haɗa allon LCD mai wayoyi huɗu da Arduino Uno, ƙaramar kwamfutar nan da ake rubuta wa shiri ta sarrafa na'urori. Fitilarsa tana kamawa amma ko harafi ɗaya babu. (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Juya shi, ɗana. A bayansa akwai wani ɗan shuɗin abu mai kan sukuru, murɗa shi a hankali da sukudireba har haruffa su fito. In ya ƙi, canja adireshin allon a cikin shirinka daga 0x27 zuwa 0x3F. Wayar SDA ta shiga fil A4 na Uno, ta SCL kuma fil A5.

Tambaya: Na rubuta shirin da fitila ke kunnuwa tana mutuwa duk daƙiƙa biyu, in an danna maɓalli kuma ƙararrawa ta yi kuka. Sai na danna kusan sau biyar take ji. Na canja maɓalli uku. (Wata malama daga Maraɗi)

Amsa: Haba Malama, maɓalli uku! Mai shago ya ci kasuwa, alhali maɓallanki ba su da laifin komai. Ban ga shirinki ba, amma na tabbata akwai delay(2000) a ciki, wato umarnin a jira daƙiƙa biyu. Wannan umarni yana ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kowane mai koyo da shi yake farawa, sai ya zame masa jiki.

Ga abin da ke faruwa. Ƙwaƙwalwar Uno tana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa. Da kin ce delay(2000), kin ɗaure mata hannu ta zauna tana ƙirga bugu miliyan 32, ba ta duba maɓallinki. Kamar maigadin da ke barci ne, ya buɗe ido ƙiftawa ɗaya ya leƙa ƙofa ya koma. In ba a daidai wannan ƙiftawar yatsanki ke kan maɓalli ba, bai san kin zo ba.

Ki koyi millis(). Agogo ne da ke ƙirga 1000 a kowace daƙiƙa tun daga lokacin da aka ba Uno wuta. Ki ajiye lokacin da fitila ta canja a cikin unsigned long, ma'ajiyar manyan lambobi, duk zagayen shirin ki cire shi daga millis(). In bambancin ya kai 2000 ki juya fitilar, in bai kai ba ki wuce ki duba maɓalli. Kada ki sa shi a int, ƙaramar ma'ajiya, don a Uno iyakarsa 32767, kafin daƙiƙa 33 lissafi ya rikice.

Sannan maɓallin: ƙafa ɗaya a fil na Uno, ɗaya a GND (negatif), ki rubuta INPUT_PULLUP a shirin. Ki tuna dannawa LOW ce. Kuma don Allah ki riƙa buɗe Serial Monitor, tagar da ke nuna saƙon Uno a kwamfuta, kina ganin abin da fil ɗin ke karantawa. Ni ba na taɓa waya sai na duba can tukuna.

Tambaya: Na sa na'urar auna zafi DHT11 a akwatin busar da tumatir mai amfani da rana, da tsakar rana lissafinsa yana rikicewa. (Manomi daga Kadawa)

Amsa: Iyakarsa digiri 50 ce, akwatinka kuwa ya wuce nan. Sayi DHT22, yana kaiwa 80. Ka bar daƙiƙa biyu tsakanin karatu da karatu, da millis() ba da delay ba.

Tambaya: Kwamfutata ba ta ganin Arduino ɗina sam. (Daga Kumasi)

Amsa: In a kan ɗan guntun da ke kusa da ramin USB an rubuta CH340, sauke direbansa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, ka saka. In ka saka bai gani ba, canja waya. Wasu na caji ne kawai.