Amsoshin Tambayoyinku: Wane Sabulu Ya Dace da Fuska Mai Maiƙo da Ƙuraje?

Tambayoyin wannan mako kusan duk a kan fuska suka tsaya, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

Anti, ni ɗaliba ce a Zariya, shekarata 19. Kafin azahar fuskata ta fara ƙyalli saboda maiƙo, ga ƙananan ƙuraje a goshi da gefen hanci. A kanti na ga sabulun ruwa iri biyu, ɗaya mai ƙwayoyi kamar yashi a ciki, ɗaya an ce yana da asid. Kuɗina na guda ɗaya ne. Wanne zan ɗauka?

'Yata, ɗauki mai asid ɗin, ki bar musu mai yashin. Amma ba kowane asid ba. Juya kwalbar ki karanta bayanta, ki nemi inda aka rubuta salicylic acid, kashi 0.5 zuwa kashi 2 cikin ɗari. Shi wannan sinadari na salisilik yana narkewa a cikin mai, saboda haka yana iya kutsawa cikin ƙofofin fata inda maiƙo da matacciyar fata suka cushe, ya sassauta su. Wannan cushewar ita ce asalin ƙananan ƙurajen da kike gani, masu farin kai da masu baƙin kai. Baƙin nan kuwa ba datti ba ne, maiƙon ne iska ta taɓa ya sauya launi, shi ya sa duk dirzar da za ki yi ba zai fita ba.

Mai yashin a saman fata kawai yake aiki. Idan ya bi ta kan ƙurji mai rai sai ya fasa shi, wurin ya kumbura, ya warke ya bar tabo. Mu masu baƙar fata kuwa tabo ne babbar matsalarmu: ƙurji ya tafi cikin mako guda, tabonsa ya zauna wata da watanni.

Ga yadda za ki yi amfani da shi. Da daddare, ki jiƙa fuska da ruwa mai ɗan ɗumi, ki shafa da yatsu, ba da soso ba, ki bar kumfar ta yi kamar minti ɗaya kafin ki ɗauraye. In kika wanke nan take, kuɗinki ne ya bi kwata. Makon farko ki riƙa yi yau, ki tsallake gobe, sai in kin ga fatar ba ta raɗaɗi ki mayar kullum. Da safe sabulu mai laushi ya isa. Kuma ki shafa mai mara nauyi bayan wanki ko da fuskarki mai maiƙo ce, balle lokacin hunturu. Kada ki yanke hukunci kafin mako 6 zuwa 8.

Kin san sunayen da ake yayi. Neutrogena Oil-Free Acne Wash yana ɗauke da kashi 2, CeraVe ma suna da nasu mai alamar SA, wato salicylic acid. Amma ba sai na waje ba, tsadarsu yanzu kowa ya sani. Sinadarin da ke ciki nake so ki bi, ba sunan da ke gaban kwalba ba.

Ni magidanci ne a Katsina. Duk lokacin sallah sai na wanke fuska da soso da sabulun kashe ƙwayoyin cuta, amma maiƙon ƙaruwa yake yi. Ko alwalar ce ke jawo shi?

Malam, alwala ba ta da laifi ko kaɗan, ruwa ne zalla. Laifin na soso ne da sabulu sau biyar a yini. Kana kankare kariyar da ke saman fata, ta bushe, ta yi gautsi, ƙurajen su ƙara fusata. Sabulu sau biyu, safe da dare, da tafin hannu. Ka kuma duba man da kake shafa wa gashi da gemu, domin mai kauri irin basilin in ya gangaro goshi yana haddasa nasa ƙurajen.

Na ga wani bidiyo an ce a haɗa lemun tsami da sukari da makilin a dirje fuska, kwana uku ƙuraje su mutu. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan tambaya ta ishe ni. Makilin na haƙori ne. Lemun tsami yana ƙona fata, in rana ta same shi a jiki yana barin baƙin shaci wanda ya fi ƙurjin muni. Wadda ta yi bidiyon ba za ta raka ki asibiti ba. Kada ki yi.

Anti, don Allah ki taimake ni. Bikina saura wata biyu. Na sayi haɗin amarya a Instagram, sabulu da mai a cikin robobi marasa rubutu, mai sayarwar ta ce duk kayan itatuwa ne. Kwana biyar ƙurajena suka ɓace, na yi haske, kowa na yabawa. Da ya ƙare na daina, yanzu fuskata ta yi ja, tana zafi, ƙuraje sun feso fiye da da. Ko in sake saye? Ina Gusau.

Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, abin yana gyaruwa, kuma wata biyu ba kaɗan ba ne in kin fara yau. Amma kada ki sake saye, ko da kyauta aka ba ki.

Babu wani itace a duniya da ke share ƙuraje ya kuma ƙara haske cikin kwana biyar. Abin da ke yin haka shi ne magungunan da likitoci ke kira sitiroyid, irin su clobetasol da betamethasone, waɗanda ke cikin 'yan bututun man shafawar nan da ake sayarwa a kemis. An yi su ne don cututtukan fata masu tsanani, a yi amfani da su na ɗan lokaci bisa umarnin likita. Masu haɗi sai su matse su cikin man kaɗanya, su zuba turare, su ce gargajiya ne. Maganin yana danne kumburi, shi ya sa kika ga fuska ta yi sumul. A ƙarƙashi kuwa fatar sirancewa take yi. Ranar da aka daina sai ta yi bore, kamar yadda taki ta yi. In aka ci gaba kuma, sai jijiyoyi su fito kore-kore a kumatu, gashi ya tsiro a fuska, nankarwa ta ɓullo a hannu da cinya, ƙananan ƙuraje masu kama ɗaya su rufe goshi, ciwo in ya samu ya ƙi warkewa da wuri. Ku lura da matan da ke cewa ba sa iya tsayawa gaban murhu ko shiga rana saboda fuska na yi musu zugi. Wasunsu daga nan suka faro.

Ba sitiroyid kaɗai ake zubawa ba. Akwai hydroquinone, sinadarin ƙara hasken fata, wanda idan aka daɗe ana shafa mai ƙarfinsa yakan bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu, mai wuyar magani ƙwarai. Akwai kuma makuri, wato sinadarin mercury mai guba, wanda ke ratsa fata ya je ya taɓa ƙoda, ya kuma iya kaiwa ga jariri ta ciki ko ta nono. Hukumar NAFDAC ta haramta shi a kayan shafe-shafe, kuma ta sha yin gargaɗi a kan bilicin. To amma robar da ba ta da suna, ba ta da jerin abin da ke ciki, ba ta da ranar lalacewa, wa zai bincike ta? Wa za ki kama in ta cuce ki?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muke kashe kuɗi. Mace za ta tsaya a Kantin Kwari ta murza atamfa, ta duba gefenta, ta jiƙa bakin da yawu ta ga ko tana zuba, ta yi ciniki har muryarta ta dushe. Ita ɗin ce kuma za ta tura wa wadda ba ta taɓa gani ba dubban nairori, a aiko mata da abu cikin robar da ba ta san me aka taɓa zubawa a ciki ba, ta shafa a fuskar da ba ta da wata sai ita. Hoton kafin da bayan da ake nuna muku, hasken fitila ne da tacewar waya. Shaidar masu saye da ake liƙawa, kowa na iya rubuta wa kansa.

Su ma kayan kamfanoni masu suna ba su tsira ba. Duk abin da ya yi farin jini sai an yi jabunsa, kuma sabulun fuska na waje yana sahun gaba. In kin ga kwalbar da manyan kantunan magani ke sayarwa da tsada, wani ya ce zai ba ki a rabin kuɗin saboda wai kwantena ce ta iso, ki riƙe kuɗinki. Ki duba murfi ko an taɓa buɗewa. Ki duba rubutu: na jabu yakan yi dishi-dishi, ko a sami kuskuren harafi, ko takardar ta karkace. Ki nemi lambar rukunin da aka sarrafa shi da ranar lalacewa, ki goga da yatsa ki ga ko tana gogewa. Lambar NAFDAC ki neme ta, amma ki sani ita kaɗai ba hujja ba ce, masu jabu ma suna bugawa. Kada ki sayi wanda aka ɗiba daga babbar kwalba aka zuba a ƙanana wai don sauƙin kuɗi. Kada ki sayi wanda ya yini a kan tebur ko baro rana na dukansa, ko na gaske ne zafi ya riga ya taɓa shi. Idan kuma naki ya ƙare, ki huda kwalbar kafin ki yar, don akwai masu tsintar su suna sake cikawa.

Yanzu ke, abin yi. Ki je asibiti ki ce likitan fata kike son gani, ki tafi da ragowar robar, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin da kika shafa, babu abin kunya. Wani lokaci likita yakan janye irin wannan magani a hankali ne, ya haɗa da na sha, wannan kuwa ba aikin da za ki yi wa kanki ba ne. Kafin nan, babu salisilik, babu dirza, babu dilka ko kurkur a fuska, duk da na san masu gyaran jiki za su matsa miki. Sabulu mai laushi mara ƙamshi, mai mara nauyi, man kariyar rana in kina da hali, da guje wa tsakar rana. Makonnin farko za ki ga kamar abin ƙaruwa yake, kada ki karaya ki koma. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin.

Nawa ƙurajen manya ne, jajaye, masu mugunya. Na yi wata biyu ina amfani da mai salisilik, sauƙin kaɗan ne.

To irin naki sun fi jin benzoyl peroxide, domin shi yana kashe ƙwayoyin cutar da ke hura kumburin. Ana samunsa a sabulun ruwa, PanOxyl misali yana da na kashi 4 da na kashi 10. Ki fara da ƙaramin. Babban ba lallai ya fi aiki ba, bushewa da saɓar fata ya fi jawowa. Kada ki haɗa shi da salisilik lokaci guda tun da fari. Ki kuma kula, yana cinye launin tufa: tawul, rigar filo, bakin hijabi, duk sai ki ga sun yi dabbare-dabbare. Ki ɗauraye sosai, ki ware farin tawul.

Amma in ƙurajen masu zurfi ne, suna ciwo, suna barin rami, sabulu ba zai iya da su ba, kuma kowane wata kika ƙara kina gwaje-gwaje rami ne ke ƙaruwa. Haka nan in sun taru a haɓa da muƙamuƙi, ga al'ada tana rikicewa, ga gashi na fitowa a haɓa, wannan magana ce ta sinadaran jiki, likita za ki gani.

Ina da ciki wata huɗu, fuskata ta cika da ƙuraje, ina tsoron shafa komai kada in cutar da abin da ke cikina.

Tsoronki a kan hanya yake, Allah ya raba lafiya. Ciki yakan zo da haka, kuma sau da yawa yana lafawa bayan haihuwa. Abin da za ki nisanta ƙwarai shi ne magungunan ƙuraje dangin retinoyid: adapalene da tretinoin na shafawa, da uwa-uba isotretinoin na sha, wanda ke nakasa jariri. Haɗin da ba a san cikinsa ba kuwa ko kusa. Ki tsaya a kan sabulu mai laushi sau biyu a rana. Ranar awo ki tafi da duk abin da kike shafawa ki nuna, ki kuma tambaya game da azelaic acid, likitoci kan amince wa masu ciki da shi, yana kuma rage tabo.

Sabulun salo fa? Shi kakata ta yi amfani da shi har ta tsufa.

Yana yanke maiƙo sosai, kuma wasu yana karɓarsu. Sai dai da toka ake yin sa, yana da kaifi, kuma kowane dunƙule da nasa ƙarfin. Ki yi kumfa a hannu ki shafa, kada ki goga dunƙulen a fuska, akwai burbushi a ciki. In bayan wanki kin ji fatar ta ɗaure kamar za ta tsage, ya yi miki ƙarfi, ki mayar da shi na jiki. Wanda aka ce an ƙara masa haɗin haske kuwa, ki koma sama ki karanta amsar da na ba amaryar Gusau.