Kyamara ko waya don hoton tsofaffin motoci?

Wani mai karatu daga Tahoua ya rubuto cewa yana sha'awar ɗaukar hotunan motoci da taraktocin da aka yasar a ƙauyukan Adar da bakin hanyar Ƙonni, yana da jaka 200 na sefa, kuma yana tambaya ko ya sayi sabuwar waya ko kyamara ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita.

Malam, shawarata ita ce ka sayi kyamara ta hannu, domin abin da ke ba irin wannan hoto daraja shi ne ƙananan abubuwa: yadda tsatsa ta ci murfin injin, da ɓawon fenti kala uku da ya ɗaɗɗago a ƙofar Peugeot 404, da rubutun "Allah ya kiyaye" da rana ta kusa shafewa a goshin babbar mota. Waya tana goge irin wannan kaushi da kanta, sai ƙarfe ya fito sumul kamar roba. Kyamarar Nikon D3200 ta shekarar 2012 ko Canon 600D ta 2011 duk za su ishe ka, amma kafin ka biya, ka ɗauki hoton farin bango ka duba ko akwai ɗige-ɗige, sannan ka tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka.

Gilashin gaban kyamara ɗaya tak nake so ka saya, mai milimita 35, ka ɗaura shi ka bar shi. Dalili kuwa ƙurar hunturu ce, wadda ke shigewa cikin kyamara duk lokacin da aka cire gilashi a fili, kuma da zarar ta zauna a farantin da ke karɓar haske, kowane hoto sai ya fito da tabo. Ragowar kuɗin ka sayi batir na biyu, da famfon iska na roba, da takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa, saboda kububuwa da kunama suna son inuwar ƙarƙashin mota, rina kuma tana gina sheƙa a wurin zaman direba. Ka tabbatar allurar tetanos ɗinka ba ta tsufa ba.

Mai karatun ya kuma tambaya ko sai ya biya mai wurin. Babu motar da ba ta da mai ita, ko da itace ya tsiro a cikinta, don haka ka yi sallama, ka nemi izini, ka ba da ɗan goro. Kada ka kusanci abin da ya shafi soja ko jandarma da kyamara ko kaɗan.

Idan ka ci karo da babbar mota ƙirar Berliet, ka dakata a kanta, ka ɗauki tambarinta da farantin lambar injin. Motocin wannan kamfani na Faransa ne suka ratsa hamadar Tenere a 1959 zuwa 1960, kuma yau masu sayen tsofaffin ƙarafa suna yanka irinsu su auna da kilo. Ka je da sassafe, kafin ƙarfe 8, lokacin da hasken rana ke zuwa a kaikaice yana fito da kowane lotsi.