Tambaya da Amsa: Numfashin tantra da ake ta yaɗawa, yana gyara zaman aure kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ya aiki. Dan Allah a ɓoye sunana. Shekara takwas kenan da aurena, yaranmu uku, kuma wallahi ba faɗa muke da mai gidan ba, kawai dai ya dawo a gajiye ni ma a gajiye, kowa ya juya baya sai barci. To kwanan nan na ga bidiyon wata baturiya a TikTok tana koyar da wani abu wai numfashin tantra, ta ce yana ƙara kuzari kuma yana dawo da shaƙuwa tsakanin miji da mata, har da kwas na kuɗi take sayarwa. Menene wannan tantra ɗin, da gaske yana aiki, kuma babu shirka a ciki? Daga wata 'yar uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya ƙara haɗa kanku. Na ji daɗi da kika tsaya kika tambaya kafin ki tura kuɗinki, don abin da ake sayarwa a intanet da sunan tantra da kuma tantra ta asali akwai rata mai nisa tsakaninsu.

Tantra daga Indiya ta fito, kuma ba dabarar shimfiɗa ba ce a asalinta, hanyar bauta ce a cikin addinin Hindu da na Buda wadda rubuce-rubucenta suka fara bayyana wajen ƙarni na 5 zuwa na 6 miladiyya, ta bunƙasa sosai a Kashmir inda aka yi babban malaminsu Abinabagupta wajen shekara ta 1000, sannan ɓangaren Buda ya haura Tibet ya yi gida a can. Su a fahimtarsu numfashi ba iska ce kawai ba, suna ce masa prana, wato ƙarfin rayuwa, kuma sun ce yana bin wasu hanyoyi a jiki da suke kira nadi, manyansu uku, ida a hagu, pingala a dama, sushumna a tsakiya ta bin kashin baya. Burin mai yi shi ne ya tada wani ƙarfi da suke kira kundalini wanda suka ce yana naɗe kamar maciji a ƙasan kashin baya, ya hau har tsakiyar kai, a nan ne suka ce Shakti take haɗuwa da Shiba, kuma kin san waɗannan abin bautarsu ne, duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya ya sha ganin hotunansu. Akwai wani tsohon littafinsu Bijnana Bairaba mai hanyoyi 112 na tattara hankali, na farko-farkon duk a kan numfashi suke, musamman ɗan tsayawar nan da ake samu tsakanin shaƙa da fitarwa. Har lissafi suka yi cewa mutum yana numfashi sau 21,600 a dare da rana, in kika raba za ki ga 15 ne a minti ɗaya, kuma likitoci ma yau 12 zuwa 20 suke cewa ga babba mai lafiya, to kin ga mutanen sun sa ido a kan numfashi ba da wasa ba.

Maganar kwanciyar miji da mata tana cikin wasu rassa na tantra amma ɗan yanki ne ƙarami, shi ma na ibadarsu ne da sharuɗɗa da malami. Da abin ya shiga Turai da Amurka ne aka juya shi, musamman daga shekarun 1970 lokacin da turawa suka riƙa tururuwa garin Puna na Indiya wajen wani guru, wato malamin addininsu, mai suna Osho, daga nan aka ɗauki wannan ɗan yankin aka mai da shi shi ne tantra gaba ɗaya. Abin da baturiyar nan take sayarwa jikan wannan ne.

To yana aiki? Numfashin a hankali yana aiki, kuma dalilinsa a jikinki yake. Jikin mutum yana da yanayi biyu, na fargaba da shirin gudu, da na natsuwa. In mutum ya wuni cikin hayaniyar kasuwa ko ofis, ga tunanin kuɗin makaranta ga cefane, jiki yana maƙale a yanayin farko, numfashi gajere a ƙirji, zuciya na sauri, kafaɗu a ɗaure. Kuma sha'awa, ga namiji da mace duka, a yanayin natsuwa take tasowa, shi ya sa za ki ga mutum lafiyarsa ƙalau amma jiki ya ƙi ba da haɗin kai. In kika ja numfashi a hankali har ciki ya taso sannan kika fitar da shi a tsawon lokaci fiye da yadda kika shaƙa, akwai wata doguwar jijiya da likitoci ke kira bagus da ke rage gudun zuciya, a nan natsuwar take zuwa. Wajen numfashi shida a minti shi ne wanda aka fi gwadawa.

Ga yadda za ku yi kuma ba sai kin biya ko sisi ba. Bayan yara sun yi barci ku ajiye waya can nesa, wannan shi ne mai wuyar wallahi, ku zauna kuna fuskantar juna ko ku kwanta ki jingina bayanki da ƙirjinsa. Ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu a zuci, ki fitar kina ƙirga shida, hannunki ɗaya a kan cibiya don ki ji cikin yana tashi yana sauka. Kada ki ce sai ya bi naki ko ke ki bi nasa, ku dai ci gaba, bayan minti biyu uku za ku ji numfashin ya zo ɗaya da kansa. Minti biyar zuwa goma ya isa. Ranar farko dariya za ta kama ku ko kunya ta hana ku kallon juna, ba komai, ai ita ma dariyar rabon da ku yi ta tare a ɗaki an kwana biyu. Abin da nake so ki riƙe shi ne kada a sa wa zaman nan sharaɗin sai ya kai ga wani abu, in barci ya ɗauke ku a haka an ci riba, don sau da yawa tsoron "yau ma zan kasa" shi ne yake kashe komai tun ba a fara ba. Likitocin matsalar aure ma tun 1970 da Masters da Johnson a Amurka suka fito da tsarinsu, abin da suke fara sa ma'aurata kenan, taɓa juna ba tare da an sa buri ba. Kuma ki lallaɓa mai gidan da hikima, kada ki kawo masa maganar kamar kin gano yana da matsala, ki ce masa kin samo abin da ke sauke gajiya kina so ku gwada tare.

Batun addini kuma ni ba malama ba ce, fatawa sai ki nemi malamin da kika yarda da iliminsa, amma zan gaya miki inda iyakar take a fili. Duk inda aka ce ki maimaita wasu kalmomi da suke kira mantra, ko ki ɗauki mijinki a matsayin Shiba ke kuma Shakti, ko ki yi sujada ga hoto ko ga guru, wannan bautarsu ce tsantsa, ki bar musu kayansu. A Malesiya majalisar fatawa ta hana musulmi yoga, wato motsa jiki da numfashi irin na Indiya, a 2008 saboda irin waɗannan abubuwa, a Indonesiya kuma a 2009 malamai suka haramta wadda ke haɗe da ibadar Hindu suka bar wadda motsa jiki ce zalla. Shaƙar iska a hankali kusa da mijinki na sunna kuwa ba mallakin wani addini ba ce, huhunki ne da Allah ya ba ki.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni na gwada wani numfashi na sauri da na gani a YouTube, kamar minti goma ina yi sai na ji jiri, leɓena da yatsuna suna tsira-tsira kamar ana soka allura, har hannuna ya ƙage ya ƙi buɗuwa. Mai bidiyon ya ce wai alama ce ƙarfin ya fara tashi a ci gaba. In ci gaba? Daga wani ɗan uwa a Maraɗi.

Amsa: A'a ɗan uwa, ka tsaya. Wannan da ka ji sananne ne a asibiti, in mutum ya yi ta numfashi da sauri da ƙarfi yana fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke, shi ne jirin, sinadarin kalsiyam da ke yawo a jini ya ragu na ɗan lokaci, shi ne tsira-tsiran da ƙagewar hannu. Da ka koma numfashi daidai yake wucewa, amma in ka matsa za ka iya suma, kuma in a tsaye kake ko a banɗaki ko cikin ruwa ko kan babur, ka ga abin ya zama wani abu daban.

Numfashin saurin yana cikin koyarwarsu da gaske, ɗaya suna ce masa bastrika, ma'anarsa zugazugi irin na maƙera, kuma su kansu tsofaffin littattafan sun yi gargaɗin cewa numfashi in an yi shi ba daidai ba ciwo yake jawowa, shi ya sa a gaban malami ake koyonsa kaɗan-kaɗan. Masu tummo na Tibet da ake ba da labarinsu, wato masu ɗumama jikinsu da numfashi da tattara hankali, gaskiya ne wani likitan Harvard mai suna Herbert Benson ya auna wasu daga cikinsu ya buga sakamakon a 1982, zafin yatsunsu ya ƙaru har da digiri 8, amma mutane ne da suka shafe shekaru a keɓe suna wannan aikin, ba daga bidiyon minti goma suka koya ba. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai juna biyu da wanda ke fama da yawan firgici duk su nisanci na saurin da na riƙe numfashi mai tsawo. In kuma jirin ya dawo maka alhali ba ka yi komai ba to ka je asibiti a duba ka.

Tambaya: Anti ni matsalata saurin kawowa ne, na sha magungunan gargajiya har na gaji, an ce masu tantra suna riƙe kansu da numfashi. A ɓoye sunana da garina.

Amsa: Allah ya ba ka lafiya ɗan uwa, kuma ba kai kaɗai ba ne, tana cikin matsalolin da suka fi yawa ga maza. Numfashi a hankali yana taimakon wasu, musamman wanda fargaba ce ke ingiza shi, in ka ji abin ya matso sai ka dakata ka fitar da numfashi a hankali har ya lafa sannan ka ci gaba, kuma yana buƙatar makonni ana yi da haƙurin uwargida. Maganar wai riƙe maniyyi gaba ɗaya yana ƙara ƙarfi ko tsawon rai aƙidarsu ce, kada ka ɗora wa kanka ita. Abin da ya fi damuna shi ne haɗe-haɗen da ka ce kana sha, ana samun irin waɗannan da aka zuba musu maganin bature a ɓoye ba ƙa'ida, ga mai ciwon zuciya kuma haɗari ne babba. Ka dakatar da su, ka je wajen likitan mafitsara ko likitan iyali a auna maka suga da hawan jini, ka kuma faɗa masa sunan duk abin da ka sha ba ɓoye-ɓoye, akwai magani na asibiti da ake bayarwa a kan wannan matsalar.